Lai'atu da Wuƙar Takaba

A unguwar Yalwawa, nan cikin Dutse, akwai wani gidan haya mai jan ƙyaure, a cikinsa kuma akwai wata tsohuwa da ake kira Iya Gaji. Idan kaza ta yi ƙwai a can unguwar Limawa, kafin ta gama kyarkyara Iya Gaji ta san mai ita, ta san zakaran. Ba mugunta ba ce, Allah ya sani. Son sani ne ya yi mata katutu, kuma abin da ya shiga kunnenta ba ya kwana bai fito ta baki ba. Bafillatana ce, a ruga ta tashi ta wajen Kiyawa. Tsufa da ciwon gwiwa suka sa ɗanta Bubayero, mai aikin gwamnati, ya ɗauko ta zuwa gari. Ya so ta zauna a gidansa, ta ce a'a, gidan da katangarsa ta yi tsawo ba a jin komai a cikinsa. Dole ya kama mata ɗaki cikin mutane.

Ɗakin da ke jikin nata na Lai'atu ne da mijinta Malam Barnaba, mai gyaran famfon burtsatse. Hausawa ne gaba da baya, daga wani ƙauye ta wajen Gwaram, sai dai Kiristoci ne tun iyaye da kakanni. 'Ya'yansu sun girma sun watse neman abinci. Lai'atu ce ke murza wa Iya gwiwa da man zafi, ita ke zura mata zare a allura, kuma a duk gidan ita kaɗai ke iya sauraron labarin Iya daga kai har wutsiya ba ta ce miyarta za ta ƙone ba. Wanda ya san darajar mai sauraro a wurin mai labari, ya san abin da Lai'atu take a wurin Iya.

Ana tsakiyar zafin bazara Malam Barnaba ya yanke jiki ya faɗi a bakin aiki, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Aka kai shi ƙauyensu aka binne. Da aka share makoki, Lai'atu ta dawo ɗakinta ita kaɗai, ta rame, idanu sun faɗa.

Iya ta dube ta, tausayi ya kama ta. Ta ce a ranta, baiwar Allah ba uwa kusa, ba goggo, wa zai sa ta a hanya? Sai ta ɗauki abin ta aza wa kanta. Ta shiga ɗakin da sallama, riƙe da wata 'yar wuƙa mai kube da wani tsohon zane da ya koɗe.

"Zauna nan, 'yar nan, in tsefe miki kai. Daga yau ba kitso, ba kwalli, ba lalle, ba turare. Fita sai ta lalura. Magana ƙasa-ƙasa. Ungo wannan, ko bayan gida za ki, tana hannunki."

Lai'atu ta juya wuƙar a tafinta. "Iya, me zan yanka da ita?"

"Ba yanka ake ba, riƙewa ake."

"Don me?"

"Ke kuma! Haka muka tarar. Takaba ce, wata huɗu da kwana goma. In kin fita ni zan yi miki wanka in rangaɗa miki guɗa."

Lai'atu ta buɗe baki kamar za ta ce wani abu, sai ta ga yadda tsohuwar ta duƙufa tana tsefe mata gashi. Sai ta fasa, ta ce, "Na gode, Iya. Allah ya bar zumunci." Iya ta fita tana jin ta sauke nauyin maƙwabtaka. Ko kaɗan bai zo mata a rai ba cewa akwai matar da mijinta zai mutu a duniyar nan ba ta yi takaba ba. A wurinta takaba kamar haihuwa take, ba ta tambayar addinin mace.

Ran Lahadi da safe, Iya na zaune bakin ƙofarta tana dama fura, sai ga Lai'atu ta fito. Kai ya sha kitso. Ta ɗaura zanen zumuntar matan cocinsu, sabo fil, mai ruwan ganye, da farar riga, ɗankwali ya tashi sama kamar za ta biki. Wuƙa kuwa ko kubenta babu.

"Ina kwana, Iya. Zan tafi sujada."

Ludayi ya tsaya a hannun Iya. Kafin ta haɗiye abin da ke bakinta, Lai'atu ta kai ƙofar gida. Da azahar ta dawo tana rera waƙa ƙasa-ƙasa, har da ɗan kaɗa kai.

To, abin ya tsaya wa Iya a wuya. Ba fushi ne ya fi yawa ba, mamaki ne. Me ke cikin cocin nan da zai sa mace ta yi kitso ƙasar kabarin mijinta ba ta bushe ba? Da yamma a bakin famfo ta raɗa wa Juwairiyya mai ƙosai, ta ce kada ta gaya wa kowa. Kun san dai ma'anar wannan. Magana ta tashi daga bakin famfo da kitso, ta isa gidan gaba da kitso da jan baki, ta tsallaka titi da rawa. Kafin Lahadi ta zagayo, an ce Lai'atu ko ɗigon hawaye ba ta yi ba, an ce akwai wani gwauro a cocin da ke jiranta, wasu har suna tambayar me Malam Barnaba ya ci da safen ranar da ya faɗi.

Mai gidan hayar, Hajiya Zulaihatu, matar Malam Hussaini mai makarantar allo, tana zaune a gidan da ke kallon nasu. Ta aiko aka kira Iya.

"Iya Gaji, ke ce babba a gidan nan. Ban taɓa damuwa da addinin matar nan ba, kin sani. Amma macen da ke murna da mutuwar miji, ba a gidana ba. Ina da 'yan mata. Wata na mutuwa zan ce ta nemi wani wuri."

Iya ta fito tana jujjuya maganar a ranta. Ita kitso kawai ta faɗa, wa ya kawo gwauro? In Lai'atu ta tashi, wa zai murza mata ƙafa, wa zai ji labarinta? Kuma ina gwauruwa za ta samu ɗaki da wannan baƙin suna a bayanta? Wata ya riga ya raba, lokaci ya ƙure. Ta ce a ranta, ji ya ƙare, saura gani. In akwai gwauron, ta gan shi da idonta. In babu, ta san abin da ke akwai.

Lahadi na zuwa, Lai'atu ta fita, Iya ta zura hijabi ta bi bayanta tana ɗingishi. Ta tare adaidaita sahu ta ce wa direban, "Ka ga wancan da ke gaba, mai matar nan da koren zane? Bi shi, amma kada ka matsa."

Direban ya dube ta ta madubi. "Iya, 'yar sanda ce ke?"

"Tuƙa, ɗan nema. Uwarka ce 'yar sanda."

Cocin yana can gefen gari, gindin duwatsu, ginin bulo da rufin kwano, tagogi a buɗe saboda zafi. Iya ta raɓe jikin wata darbejiya da ke kusa da taga, ta miƙa wuya. Ba ta daɗe ba wata mata mai kula da ƙofa ta zo da kujerar roba.

"Sannu, Mama. Ki zauna a inuwa, ko za ki shigo?"

"A'a, a'a, mota nake jira."

Matar ta dubi wurin, ko hanyar jaki babu, balle mota. Ta ajiye kujerar ta koma. Iya ta zauna, tunda gwiwa ba ta san kunya ba.

Ta fara da maza. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya da ido tana neman gwauron. Wannan ya tsufa, wannan ga matarsa na hararar sa, wancan gyangyaɗi yake. Babu wanda ya ko waiga ɓangaren mata. Sai aka ce zumuntar mata su fito. Suka jeru a gaba, zane iri ɗaya, masu caki, masu ganga, Lai'atu a tsakiya rungume da tulu tana buga bakinsa da tafi. Ita ce ma ke ba da waƙa, saura na amsawa. Hausa ce tsantsa, Iya ta ji komai. Waƙar na cewa Mai Ceto ya yi alkawari zai dawo, zai tashi waɗanda suka yi barci, zai share hawayen masu kuka.

Iya ta ƙura mata ido, sai ta ga abin da bai zo a labarin bakin famfo ba. Hawaye ne ke zuba a fuskar Lai'atu, layi biyu, suna sauka ta haɓa suna jiƙa farar rigar. Ba ta share ba, hannuwanta na kan tulu. Muryarta kuwa ba ta karye ba, sai ma ƙara tashi take, fuskar a sake kamar wadda aka yi wa albishir. Iya ta ga kuka iri-iri a rayuwarta, ta ga na kishi, na yunwa, na ƙarya a gidan mutuwa. Kuka da murna a fuska ɗaya, lokaci ɗaya, wannan ne ganinta na fari. Ta miƙe don ta ƙara gani, har ta dafa tagar. Idonsu ya haɗu.

Da aka tashi, Lai'atu ta nufo darbejiyar kai tsaye.

"Iya, motar ba ta zo ba?"

"Au, har an kai miki? Ashe ku ma kuna da magulmata."

Lai'atu ta yi dariya, ta zauna a kan wani dutse kusa da kujerar. Iya ba ta iya kwana-kwana ba, ta zazzage mata komai: kitso, gwauro, da maganar Hajiya ta ƙarshen wata. Lai'atu ta sunkuyar da kai.

"Na ga ana kallona a layi, ban san ta kai haka ba."

"To ki gaya mini, 'yar nan, don kaina ya ɗaure. Kina son mijinki ko ba kya so?"

"Iya, har yau in na dafa abinci sai na ga na zuba na mutum biyu."

"To kitson fa? Waƙar fa?"

"Mu ba mu da takaba irin taku, Iya. Na so in gaya miki ran nan, na ga kin wahala, kunya ta hana ni. Muna kuka, kin dai gani. Amma mun gaskata Yesu Almasihu ya mutu ya tashi, kuma ya ce zai dawo ya ɗauki nasa. Ranar da zai zo za a busa ƙaho, waɗanda suka mutu suna dogara gare shi su tashi. Maigidana, Baban Nuhu, yana cikinsu. Ban rasa shi ba, Iya, gaba ya yi. In na zauna a ɗaki ni kaɗai, kabarin kawai nake gani. In na zo nan aka tuna mini da alkawarin, sai in iya numfashi."

"Ai mu ma Malam ya ce Annabi Isa zai sauko."

"Na sani. Ku annabi kuke ce masa, mu Ubangiji da Mai Ceto muke ce masa."

"Wannan kuma ku da malamai, ni ban yi nisa a allo ba. Abin da nake tambaya, yaushe zai zo? Bana? Baɗi?"

"Ba wanda ya san ranar."

"Fastonku ma?"

"Ko shi. Cewa aka yi mu zauna a shirye."

Iya ta riƙe haɓa. "Ikon Allah. Mu takabarmu tana da ranar fita, kina ƙirgawa kina ragewa. Ke kuma jira ba rana, amma kin yi kitso."

Ta faɗi haka ke nan sai ta ɗaga kai. Idonta ya tafi gabas, inda gajimare ya fara taruwa a bayan duwatsu. Wani abu ya taso mata tun daga ƙuruciya.

"Tsaya," in ji ta a hankali. "Ina amarya a ruga, rani na yi mazanmu ke kora shanu kudu neman ciyawa. Mu mata da tsofaffi a bar mu. Ba waya a lokacin, ba saƙo. Baban Bubayero in zai tafi ba ya ce mini ran kaza, cewa yake, in ruwa ya sauka kya gan ni. To da na ga hadari ya fara haɗowa a gabas, sai in wanke ƙoraina tas, in share ɗaki, in je a yi mini kitso. Kitson ya tsufa bai zo ba, in tsefe in sake. Surukata tana cewa, wa kike wa kwalliya, bishiyoyi? Da dare in yi kukan kewa, da safe in sa kwalli. Ba na so ya same ni buzu-buzu kamar wadda ta fid da rai."

"Yana zuwa kuwa?"

"Bai taɓa saɓawa ba. Sai dai ki ji kukan shanu daga nesa, ƙasa na rawa." Iya ta buga cinya. "Ashe ke ba takaba kike ba, jiran makiyayi kike!"

Hawaye ya sake cika idon Lai'atu, ta ce, "Iya, ko a cikin coci ban ji wanda ya faɗe shi haka ba."

"Kada ki sa ni cikin fastocinku. Tashi ki nemo mana abin hawa, ina da aiki a unguwa."

Suna isa unguwa, ko hijabi Iya ba ta cire ba, ta zarce gidan Hajiya Zulaihatu. Ta same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa, Malam Hussaini na zaune a inuwa yana gyaran alƙalami. Iya ta zauna ta kwashe labari tun daga adaidaita har hadarin gabas, ba ta rage ba, in ma ta ƙara to hawayen ne ta ɗan ƙara wa yawa.

"Coci kika je, Iya?" Hajiya ta zaro ido.

"Gindin darbejiya na je. Darbejiya ba ta da addini."

Malam ya yi gyaran murya. "Hajiya, ai da kin tambaye ni. Takaba hukuncinmu ne, ba a ɗora wa wanda ba ya cikin addinin. Nata haƙƙin a kanmu na maƙwabtaka ne, kuma zato zunubi ne. Wuƙar nan ma da kuke ba mata, Iya, ni ban gan ta a littafi ba."

"Allah ya gafarta Malam, ba a kanta muke ba yanzu."

Hajiya ta ci gaba da tsintar shinkafarta, fuska a ɗaure. "Na ji. Amma magana ta riga ta fita. Ya zan yi da bakin unguwa?"

"Bakin unguwa?" Iya ta nuna ƙirjinta. "Ai ni ce bakin unguwa, Hajiya. Ni na kunna, ni zan kashe. Ki ba ni zuwa Juma'a." Sai ta matso, ta rage murya yadda Malam ba zai ji ba. "Kuma in kitso cikin takaba ne ke korar mace daga gida, na san wata a Limawa da ta rufe ɗaki aka yi mata kitson shuku, mijinta na fari bai yi arba'in ba. Mai kitson ƙawata ce."

Hannun Hajiya ya tsaya cak a cikin tire. Ta saci kallon Malam, ta dubi Iya.

"Wa ya ce zan kore ta? Cewa na yi a bincika."

"Haka na ji kin ce, Hajiya."

Da yamma Iya ta koma bakin famfo, ta sami Juwairiyya, ta raɗa mata sabon labari, ta ce don Allah kada ta gaya wa kowa. Kafin Juma'a gwauro ya mutu murus. Abin da ya rage a unguwa shi ne Lai'atu ta yi kuka a coci har tulu ya cika, kuma tana jiran ranar da za a tashi mijinta. Matan layi suka riƙa shigowa da kwanon abinci suna yi mata sabuwar gaisuwa. Wata ya mutu, wani ya kama, Lai'atu na ɗakinta.

Ta kawo wa Iya wuƙarta, Iya ta ce kyauta ba ta komawa. Yanzu da ita ake yanka kuɓewa a gidan, kuma ta fi duk wuƙaƙen gidan kaifi.

Ranar da hadarin farko ya haɗo sosai, gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa kwanon rufi, Iya na zaune ta miƙe ƙafa Lai'atu na murza mata gwiwa. Can aka yi wata tsawa mai tsawo. Iya ta ɗaga kai.

"Ke, 'yar nan, leƙa ki gani. Ko naki ne ya iso?"

Lai'atu ta dubi sama, ta yi murmushi, ba ta daina murzar ba.

"In shi ne, Iya, ba sai an aika kowa ya leƙa ba. Duk duniya za ta gani lokaci ɗaya."

Iya ta taɓe baki. "Kowa da kowa? Ba wanda zai riga wani ji?"

"Babu."

"To wa zan ba labari?" Ta gyara zama, ta miƙa ɗaya ƙafar. "Duk da haka gyara ɗankwalinki, ya karkace. Murza nan, ƙasa kaɗan."